A-kori-kurar Ƙwai ta Baba Kar-a-yar

Kafin masu shagunan layin makanikai su buɗe ƙofofinsu, Baba Kar-a-yar ya riga ya shiga bayan garejinsa, inda matattun motoci suke jibge. Yana tafe da ƙaramar guduma a hannu da guntun alli a bayan kunne. Duk motar da ya zo wucewa sai ya ƙwanƙwasa ta, ya karkata kai ya saurara. Ƙarfen da ya amsa garau ya ja masa layi da alli. Wanda ya amsa a dusashe ya wuce shi, don tsatsa ta riga ta cinye shi ta ciki. Daga nan ya dawo ƙarƙashin rumfa, ya zauna a kan tsohuwar kujerar bas da ya mayar ofis, ya jawo gwangwanayen da yake tara noti a ciki, ya shiga ware su da yatsu. Shayinsa kullum sai ya huce yake tunawa da shi, ya kuma shanye shi a haka yana mitar cewa mai shayin ba ya tafasa ruwa.

Sunan nan abokan aikinsa suka laƙaba masa tun yana da baƙin gashi. Duk wanda ya ɗaga wani ƙarfe zai jefa wa 'yan gwangwan, sai ya ji murya daga ƙarƙashin mota tana cewa kar a yar. Da ƙarafan da ya hana a yar ɗin ya yi suna a layin. Sana'arsa ita ce haɗa a-kori-kura daga gawarwakin motoci, shasi, wato ƙashin bayan mota, daga wannan, inji daga waccan, ƙofa daga wata da ba a ma san mai ita ba. Masu kai ruwa unguwanni da masu ɗaukar katako da wani mai gidan burodi duk motocinsa suke hawa. Wasu motocin sun daɗe har 'ya'yan masu su ne suke riƙe da sitiyarin yanzu.

A ƙarshen watan nan zai ajiye sifana. Hasken walda ya ci idanunsa, har ta kai noti ma da laluben yatsa yake gane lambarsa, likita kuma ya ce ya isa haka. Babu wanda ya shirya masa taro. Mu da muka iya cika layi da kujeru don wani ya sayo mota daga waje, muna shafa fentinta muna yi masa barka kamar shi ya ƙera ta, ba mu ga dalilin tsayawa ko na ɗan lokaci ba saboda mutumin da ya tayar da motoci daga juji ya ciyar da gidaje da su. Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa zan faɗi abin da idanu suka gani a garejin nan, musamman labarin motarsa ta ƙarshe, wadda ya haɗa wa kawuna.

Kai ne, Baba, wanda ba ya ɗaukar birki ko sandar sitiyari daga motar da ta yi haɗari, ko da kuwa suna sheƙi. Mai gidan burodi ya ba ni labarin ranar da ya zo maka a gaggauce, sandar sitiyarin motarsa ta tsage, ya roƙe ka ka ɗan ɗiga mata walda ya kai burodi ya dawo. Ka ce masa kai ba ka yi wa sandar sitiyari faci, don ran mutum a jikinta yake rataye. Ya fusata, ya ce layin cike yake da garejin da za su yi masa ba musu. Ka ce gaskiya ne, sannan ka zare makullin motar ka jefa a aljihu, ka kwashe burodin ka zuba a taka motar, ka raba masa shaguna da kanka. Ya ce ya yi kwana biyu ba ya gaishe ka. Yau shi ne yake ba da labarin yana dariya, motar kuma tana nan tana aiki da sabuwar sanda.

Kawu Dogo, ƙanin mahaifiyata, direba ne tun samartakarsa. A-kori-kura gare shi, yana ɗaukar siminti da bulo da kayan masu sauya gida. Wata rana tirela ta ƙwace ta matse shi a jikin katanga. Ya rayu, amma an yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, ƙafar da direba yake taka kuloci da ita. Motar kuwa gabanta ya tashi aiki. Da ya dawo daga asibiti mutane suka yi ta zuwa jaje, kowa da shawararsa. Wani ya ce a sa masa teburi a ƙofar gida ya riƙa sayar da katin waya. Wani ya ce ya zauna ya huta, 'yan'uwa ba za su bar shi ba. Har akwai wanda ya rage murya ya ce mai irin wannan lalura in ya fita bakin titi ba ya rasawa. Mutumin da ake jin dariyarsa tun daga bakin layi ya koma zaman ɗaki yana kallon bango, keken ɗinkin matarsa ne yake riƙe da gidan.

Ana haka sai Hajiya mai gidan kaji, maƙwabciyarsu, ta shigo duba shi. Ta ce ta zuba sababbin kaji, in sun fara ƙwai tana bukatar mai mota da zai riƙa raba mata shi shaguna kullum. Kaya ne marasa nauyi, akwai masu lodi da saukewa, abin da take nema amana ce da sanin hanya. Amma ta faɗa masa gaskiya, kaji ba sa jiran kowa. Ranar da suka kankama, in yana da mota kuma ta kai ƙwai lafiya, aikin nasa ne. In babu, akwai wani mai bas da yake ta sintiri a ƙofarta, shi za ta ba. Kawu ya yi mata godiya, ya nuna mata ƙafarsa, ya ce ta ba mai bas ɗin kawai.

Matarsa ce ba ta yarda ba. Washegari ta yafa mayafi ta tafi garejin Baba, ta tsaya a bakin rumfa ta zayyane masa komai. Da yamma sai ga Baba a gidan da baƙin mai a riga. Bai tsaya jaje ba, don ya riga ya yi a asibiti. Ya zauna ya ƙura wa ƙafar Kawu ta dama ido, ya ce a motsa ta ya gani. Kawu ya motsa.

"To wannan me ya same ta?"

"Ba komai, Baba."

"Totur da birki da wace ƙafa kake taka su?"

"Da ita."

"Ashe kuloci kawai ka rasa. Ni ma dama na gaji da gyaran kuloci. Ka zo gobe in auna ka."

Kawu ya ce yaushe Baba ya zama tela da zai auna mutum. Baba ya ce telan ma da zai zo ya ga yadda ake awo da ya ƙaru.

Aka jawo gawar motar Kawu zuwa garejin. Gabanta ya mutu, amma bodin baya bai ji ciwo ba, Baba ya ce shi za a fara ɗauka, don mutum in ya waiwaya ya ga abin da ya saba gani. Shasi da kan mota suka fito daga wata a-kori-kura da injinta ya buga aka yi watsi da ita. Inji da giya otomatik, wadda ba ta bukatar kuloci, ya ciro su daga wata jif da aka daka ta baya. Tara su ba wuya, haɗa su ne aiki, don ƙarafan motoci daban-daban ba sa gaisawa da juna saboda kawai an ajiye su wuri ɗaya. Ƙafafun injin suka ƙi faɗawa kan ramukan shasi, sai da ya yanka masa sabon mazauni. Farfela, sandar da take kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ta yi gajarta. Ya ƙi yi mata ƙari da walda, ya bi gareji-gareji da tef ɗin awo har ya samo wadda ta yi daidai. Ya zaunar da Kawu a kujera ya yi ta matsar da ita gaba da baya. Inda kuloci yake ya kafa ɗan katako ya lulluɓe da soso, wurin ɗora dungulmin ƙafa. A bayan kujera ya liƙa ƙugiyoyin rataye sanduna, yadda ba za su zame su shige ƙarƙashin birki ba. Abin da idonsa ya kasa sai ya sa mai walda ya yi, in ya huce shi kuma ya bi layin da ɗan yatsa. In ya ji rami, a kankare a sake.

Makanikan layin suna da wata ɗabi'a mai kyau. In ana haɗa mota don wanda tsautsayi ya faɗa wa, kowa yakan kawo gudummawa daga shagonsa. Abin da aka ɗaura na gudummawa kuma ba a kwance shi, don kwance shi daidai yake da mayar wa mutum kyautarsa a gaban jama'a. Mai batir ya kawo batir, mai wayarin ya ja wayoyi. Mai Sifirin, aminin Baba da suka tsufa suna tsokanar juna, ya ce shi ba zai kawo abin kunya ba. Sifirin shi ne fallayen ƙarfen nan da ake jerawa a kan juna a ƙarƙashin bodi, su suke ɗauke da nauyin kaya. Ya shiga can ƙuryar shagonsa ya fito da na wata motar ɗaukar siminti, ya kuma ƙara fallaye a kowane gefe. Ya ce ko bijimai aka ɗora wa motar nan ba za ta durƙusa ba. Layin gaba ɗaya ya yaba, har da Baba. A sana'arsu ƙara falle aka sani. Duk mai a-kori-kurar da ya taɓa shigowa layin kukansa ɗaya ne, mota tana zama in an yi mata lodi. Ba a taɓa samun wanda ya zo ya ce a rage masa ba.

Aka gama mota, aka yi mata fenti, Baba ya kai ta wurin masu duba lafiyar motoci da kansa suka duba suka ba ta takarda. Ranar da Kawu ya fara zama ya murza makulli, waɗanda suke wurin sun ga gwiwarsa ta hagu ta ɗaga da kanta tana neman kuloci. Ya dube ta, ya mayar da ita kan soso, ya sa giya ya fice daga garejin kamar jiya ya sauka daga mota. Mutane suka ce shi ke nan, a kai wa Hajiya. Baba ya ce tukuna. Shi ba ya sallamar mota sai ta ɗauki irin kayan da za ta riƙa ɗauka, a kan hanyar da za ta riƙa bi. Hajiya ta ba da 'yan kiret na ƙwan tsofaffin kajinta, aka jera a baya, suka bi hanyar gidan gonar mai ramuka da tsakuwa, suka dawo. Kafin ma a buɗe baya, gwaiduwa tana ɗiga ta ƙasan bodi. Kiret ɗin sama sun yi tsalle sun dira a kan na ƙasa. A ranar kuma Hajiya ta aiko cewa sababbin kajin sun fara ajiye ƙwai ɗai-ɗai.

Nan aka shiga abin da muka fi iyawa. Wani ya ce laifin hanya ne. Wani ya ce ƙwan zamani ɓawonsa kamar takarda yake. Kawu ya tsaya a kan sandunansa, kowa kuma ya san abin da zuciyarsa take raya masa, wato ƙafarsa ce ta jawo. Baba ya hau bodin ya yi tsalle da duk nauyinsa, motar ko gezau ba ta yi ba. Ya sauko ya ce wa Kawu tuƙinsa ba shi da laifi. Sifirin da aka yi don siminti ba ya jin nauyin ƙwai, saboda haka ba ya lanƙwasa, duk ramin da taya ta faɗa sai ya miƙa wa kaya dukan kai tsaye. Ya ce shi ya kamata ya fara hango haka, tun farko an ce masa ƙwai, amma hannunsa ya saba da ƙari.

Mai Sifirin ba ya wurin a lokacin, kowa kuma ya gane inda maganar ta dosa. Sai shawarwari suka fara zuba. A jera buhunan yashi a baya su danne ta. A shimfiɗa katifa. A rage iskar taya a riƙa bi a hankali. Kawu da kansa ya roƙi Baba a lallaɓa haka. Ya ce Mai Sifirin ya yi ta zarya asibiti saboda shi, ba zai iya haɗa ido da shi ba in aka kwance kyautarsa.

A lallaɓa haka. Maganar nan ta kashe mana abubuwa fiye da yadda rashi ya kashe. Da ita ake ɗaure birki da waya, da ita ake barin rufin aji yana yoyo shekara da shekaru har yaran su gama makarantar su fita. Mun mayar da ita ladabi, har wanda ya ƙi ta shi ake ce wa mai taurin kai. Kai ka ƙi ta, Baba. Ka ce yashi zai sha mai ya ci taya, ranar da taya ta yi faci kuma mai ƙafa ɗaya ne zai tsaya a bakin hanya da buhuna. Ka ce katifa za ta ɓoye matsalar na ɗan lokaci, ta fito da ita ranar da Hajiya ta yi babban lodi, ranar ce kuma Kawu zai rasa aikin. Duk da haka ba ka ɗauki sifana ka kunyata amininka a bayan idonsa ba.

Washegari da hantsi Baba ya aika aka kira Mai Sifirin, wai ya zo ya ji daɗin aikinsa. Ya zo cikin farar riga, yana tafe yana gaya wa mutane cewa duk motar nan sifirinsa ne yake riƙe da ita. Baba ya shige gaba kusa da Kawu, ya ce ai gaba ta cika, kuma dama mai sifirin a kan sifirin ya kamata ya zauna. Aka taimaka masa ya hau baya. Baba ya miƙa masa kiret ɗaya na ƙwai ya ce ya riƙe a cinya, saƙon Hajiya ne. Kawu ya ce bai taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba, amma tun daga ramin farko suka fara jin ana dukan rufin mota da tafin hannu. Baba ya ce masa kada ya kula, gaisuwa ce.

Da suka dawo layin, Mai Sifirin ya sauko da ƙyar, hula a karkace, gaban riga ya koma rawaya, hannu ɗaya a ƙugu. Ya dubi Baba ya yi tambayar da ya san amsarta.

"Wane mara tausayi ne ya ɗaura wa motar nan wannan sifirin?"

"Wani aminina ne. Ya ce ko bijimai ba za su durƙusar da ita ba."

"To bijimai za ta ɗauka?"

"Ƙwai."

"Kai, tsohon banza. Ka san ƙwai ne ka zuba ido ina ƙara falle?"

"Na sani. Tare muka yi wautar, kai ka ɗaura ni na yaba."

Mai Sifirin ya tsaya yana duban motar. Can ya tuɓe rigar, ya ce a miƙo masa jak da sifana, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa masa sifirinsa. Da hannunsa ya zare fallayen da ya ƙara, ya zare wasu, yana yi yana sa Baba ya hau ya sauka, har bodin ya fara lilo a hankali a ƙarƙashin nauyin mutum ɗaya. Fallayen da aka cire ba su bar motar ba. Baba ya lura Kawu yana shan wuya wurin hawa, sai ya sa aka gasa su a wuta aka lanƙwasa, aka ɗaure su a ƙarƙashin ƙofar direba suka zama matakala. Har yau Mai Sifirin yana gaya wa duk wanda ya tsaya a shagonsa cewa a motar nan kyautarsa ce kaɗai take aiki biyu.

Ranar da Hajiya ta sa, ta yi lodi na gaske, bodi cike. Ba ta yarda da labari ba, ta shiga gaba ta zauna, ta ce a bi ta hanyar da ta fi lalacewa. Mai bas ɗin yana tsaye a ƙofar gidan gonar yana kallo. A kowane shago ita take sauka ta ɗaga kiret ta duba da idonta, Kawu yana zaune riƙe da sitiyari yana kallon ta ta madubi. A shago na ƙarshe ta ɗago ƙwai ɗaya da ya tsage. Ta juya ƙwan a hannu, ta ce wannan zobenta ne ya taɓa shi. Ta shigo mota ta rufe ƙofa, ta ce masa gobe ya zo da wuri, kuma ya daina tuƙi kamar mai ɗauke da mara lafiya, shaguna suna jira.

Yanzu Baba zai koma gida, kuma ban yarda wannan iyawa ta bi shi ta zauna a ɗaki ba. Irin Kawu suna da yawa. Akwai direbobi da masu sana'a da haɗari ya ɗauke musu hannu ko ƙafa, mun kai musu jaje mun dawo muna jin mun sauke nauyi, ba wanda ya tsaya ya duba abin da ya rage musu da zai iya aiki. Motocin da za su tayar da su suna nan jibge a bayan gareji-gareji, ruwa yana dukansu, ana jiran 'yan gwangwan su zo su auna su a sikeli. Makanikan layin nan da na sauran layuka, kun ga yadda aka yi, kuma babu wani sirri a ciki. Ku tambayi mai mota abin da za ta ɗauka, ku gwada ta da shi kafin ku sallame ta, in kun ga kuskure ku kwance ko da naku ne. Ku da kuka karanci harkar injina kuna yawo da takardu kuna jiran ofis, watan bai ƙare ba, rumfar tana buɗe. Baba da kansa ya ce yana son wanda ya iya zane da lissafin nauyi ya zo su zauna, don akwai abubuwan da ya daɗe yana son a auna masa. Ku je ku ba shi naku ku karɓi nasa. Mai walda ya ce wani mai ɗaukar kayan gwari da ya rasa hannun hagu ya riga ya zo tambaya. Baba ya ce wa mai kayan gwarin idonsa ya ƙare, amma bakinsa bai ƙare ba, in aka sami hannun da zai yi aikin, shi zai faɗi yadda za a yi. Hannun ake jira.

Sannu da aiki, mai jin maganar ƙarfe. Kai ne ka dubi mutumin da kowa yake ƙirga abin da ya rasa, ka ce ya motsa ƙafar da ta rage. Mun gode, ni da mahaifiyata da duk danginmu. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka idanun nan, ya ba ka hutu mai daɗi a cikin jikokinka. Matar Kawu ta ce ita ba ta iya dogon jawabi ba, amma in na zo in gaya maka abu ɗaya. Ta ce ta daɗe ba ta raka kowa bakin ƙofa ta ce masa a dawo lafiya ba, yanzu kullum da safe tana faɗa. Jiya ma har faɗa ta yi masa, wai ya cika daɗewa a waje.